Langar Talatu da Sabuwar Motar Jikana

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin Makarfi ba, ko da tsufa ya kai ni ga mance inda na ajiye carbina. Ni mace ce da aka sani da nutsuwa a unguwarmu a Ikara. In ana rigima ni ake kira, in an yi haihuwa ni ke wankan jariri, kuma ba a taɓa jin muryata daga bayan katanga ba. To, ku saurara ku ji yadda mota ta kwance mini ɗankwali a gaban jama'a.

Ina da jika, Nasiru, mai aiki a Kaduna, wanda nake kira angona. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayo wata 'yar mota ja, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Rufinta ma naɗe kansa yake yi ya koma baya. Yaron nan yana sonta kamar rai. Ya ce ba ta da nauyi, in ya karya kwana ji yake kamar jikinsa ne ya juya. Ni kuwa abin da na gani shi ne, da damina ba ta shiga lungunmu, sai ya ajiye ta bakin titi ya tako da ƙafa. Ko tiya biyar ta masara ba ta da wurin zama. Sau ɗaya na shige ta, sai da mata biyu suka ciro ni (ɗaya ta kama hannu, ɗaya ƙugu, Allah ya saka musu).

Shekara biyu ina yi masa faɗa bai ji ba, sai da matarsa ta haifi tagwaye. Ya sayar da jar, idonsa har da ƙwalla, ya zo da wata ruwan toka mai ƙofa huɗu, bayanta na cin buhu biyu da damin rake. Na zagaya ta sau uku, na ce yauwa, ga motar dattawa. Daga nan na bi gida gida ina shaida wa mata cewa ni na sa yaron ya yi hankali. Tagwayen ko sunansu ban ambata ba.

Ya dai gaya mini, kada in ci haƙƙinsa. Ya ce, "Amarya, injin wannan ya ninka na waccan ƙarfi, kaya kawai ta sa na mutunci." Na ce ya rufa mini baki, mota mai ɗaukar buhu ina ta ga gudu.

Yanzu sai in kawo muku Talatu. Aminiyata ce shekara arba'in, katanga ɗaya ta raba mu. Tana da wata langa mai murfi, mai zanen fure shuɗi, gadon mahaifiyarta. Na are ta ranar wani suna, ta faɗi a hannuna, gefenta ya ɓantare. Kunya ta hana ni mayarwa. Da ta tambaya na ce ai na aiko mata tuni. Ta neme ta har ta gaji, ni ma (Allah ya yafe mini) har taya ta nema na yi. Shekara tara langar nan tana ƙarƙashin gadona, naɗe cikin tsohon zani.

Ranar bikin na gayyaci Talatu da wasu ƙawaye biyu, don su ga aikin hannuna. Na zauna gaba, su uku a baya. Kai, jama'a, ɗan Adam ya iya ƙira. An rufe ƙofa sai duniya ta yi shiru, kamar an sa ni cikin randa. Sanyi na fitowa ta ko'ina, kujera ta rungume mini baya kamar ta san inda ciwon yake. Ramukan hanya ina ganinsu da ido, amma jikina bai ji labarinsu ba. Na yi ta tasbihi a zuci, a fili kuwa ina ɗaga kai kamar ni na ƙera ta.

Mun bar Ikara da kaɗan sai muka cim ma wata babbar mota shaƙe da rake, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Muka bi ta, muka bi ta. Ga rana tana yi, ga shi mu ne iyayen da ake jira. Sai bakina ya ja mini. Na ce, "Angona, ko dai ka tsufa ne tare da motar? Wuce ta mana, in za ta iya."

Ya jira har hanya ta miƙe, ya leƙa ya ga ba kowa, ya taɓa wani ɗan maɓalli. Sai na ji abin da ke kwance a gaban motar ya farka, ya yi gurnani daga can ƙasan ciki. Wani hannu da ban gani ba ya danna ni cikin kujera. Gonakin rake da bishiyoyin mangwaro suka narke suka zama zane ɗaya kore. Cikina ya tsaya a bayan babbar motar, ni na yi gaba. Na ce shi ke nan, haka ake ɗaukar rai, kuma ga haƙƙin mutum a ƙarƙashin gadona.

Na yi kalmar shahada, sannan na kware murya, ni da ba a taɓa ji ba.

"Talatu, ki yafe ni! Langarki tana ƙarƙashin gadona, ni na ɓantare ta!"

Kafin in rufe baki har mun wuce, mota ta koma tafiyarta ta liman, shiru kamar ba ita ba. Abin duka bai kai tsawon salati ɗaya ba. Ban mutu ba. Ɗankwalina yana kan cinyar wata a baya, kafaɗun Nasiru suna rawa don dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Sai Talatu ta miƙo mini ɗankwalin, ta ce, "'Yar uwa, ai na gan ta tun shekarar da kika yi zazzaɓi, da na share miki ɗaki. Jira nake in ga ranar da za ki faɗa." Sannan ta dafa kujerar Nasiru ta ce in da hali ya ƙara taɓa maɓallin nan, ko akwai sauran kayanta a wurina.

Kafin a raba abinci a gidan biki, labarin ya riga ni zama. Washegari na kai langar da kaina, cike da dambu. Talatu ta karɓa, ta shafa ɓantaren, ta ce dambun ya yi gishiri, muka ci tare.

Abin da na koya shi ne, kada ka auna hankalin mota da yawan ƙofofinta. Yanzu duk ranar da angona zai kai ni unguwa, sai na fara durƙusawa na leƙa ƙarƙashin gado, sannan in shiga, kuma baya nake zama.