Direkta Mas'udu Ya Ƙara wa Hoto Girma

Allah ya yi wa Magariya baiwa da yawa, amma babu kamar Mas'udu, Direkta Janar na Situdiyo Hasken Duniya da ke bakin tasha. Shi ne direktan, shi ne kuma dukan ma'aikatan. Tun da ya je wani ɗan kos a Damagaram ya dawo da takardar shaida da gilashin da ba na ciwon ido ba, ya daina cewa hoto, sai "imaj". 'Yan kabu-kabu suka raɗa masa Mushe Kalite, domin ko kunu aka miƙo masa sai ya yi magana a kan kalite, wato inganci. Shi ya ɗauka sarauta ce.

Wata ranar kasuwa Nassirou, wani manomi daga Mallawa, ya shigo. Ƙungiyar manoman garinsu za ta sa wa rumbun cimakarta sunan mahaifinsa, marigayi Malam Ɗanliti, wanda ya kafa ta. Suna son hotonsa a kan babban ƙyalle mai kauri, da addu'a a ƙasa. Hoton da ke wayarsa kuwa ya bi ta WhatsApp daga hannu zuwa hannu har ya rame, bai fi tambarin wasiƙa ba.

"Na takarda yana wurin Inna, cikin adaka," in ji Nassirou. "Ya fi wannan fitowa. In ɗauko gobe?"

Direkta ya zare gilashi a hankali.

"Takarda? Malam, a wannan zamanin? Takarda ta masu naɗe ƙosai ce. Hotonka JPG ne, wato talaka. Zan mai da shi PNG, ya zama ɗan boko. Daga nan in ɗaga shi zuwa TIFF. TIFF kuwa minista ne, ba kowa ke ganinsa ba."

Nassirou ya ce Allah ya ƙara basira, ya tafi.

Direkta ya zauna gaban na'ura ya fara naɗe-naɗen muƙamai. Kowace juyawa hoton sai ya ƙara nauyi, har na'urar ta riƙa nishi. Wannan ya faranta masa rai ƙwarai, domin a iliminsa nauyi shi ne daraja. Cewa an dai tsuga ruwa ne a kunun da ba a ƙara wa gari ba, wannan ƙaramar magana ce, ba ta direktoci ba. Ya ja hoton ta tsaye, ya ja shi ta kwance, har ya kai faɗin ƙofar gareji. Fuskar Malam Ɗanliti ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai kamar bulon siminti. Direkta ya ce laifin gilashin na'urar ne, ƙyalle zai gyara.

Sai ya tuna babban aiki ba ya fita babu sa hannun gwani. Ya ɗauko hotonsa na kansa, wanda aka ɗauka da kyamarar gaske, yana sanye da kwat, hannu a haɓa. Ya ɗora shi a kusurwar ƙasa. Ya ga ya yi ƙanƙanta, ya ƙara. Ya sake dubawa, ya ƙara. Saboda tawali'u ya tsaya a rubu'in ƙyallen. Ya aika Damagaram aka bugo, ya ƙi warwarewa don kada iska ta taɓa kalite.

Ranar buki Mallawa ta cika. Direkta ya karɓi lasifika ba tare da an ba shi ba, ya yi bayanin tafiyar hoton daga talauci zuwa minista. Sannan aka saki ƙyallen a bangon rumbu.

Kowa ya ɗaga kai. A sama akwai wani abu mai ruwan ƙasa, kamar gonar da aka hanga daga jirgi. A ƙasa ga Direkta tar, har ana ƙirga gashin bakinsa. Daidai ƙarƙashin haɓarsa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: ALLAH YA JIƘANSA.

Inna Ƙande, matar marigayin, ta taso da sandarta. Tun da asuba ta yi kwalliya don ta sake ganin fuskar mijinta. Ta shafa ƙyallen da tafin hannu.

"Nassirou, ina babanka?"

"Hajiya, a ja da baya," in ji Direkta. "Babban aiki daga nesa ake cin moriyarsa."

Ta ja da baya, ta ƙara ja, har bayanta ya taɓa amalanke. Ta daɗe tana kallo.

"To, ga dai hularsa," ta ce, ta share ido da bakin mayafi.

Nassirou ya matso kusa da ita. Ya kama hannunta suka tafi gida. Direkta ya fahimci cewa aikin ne ya ratsa su. Da ya ga matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar ƙyallen kuwa, sai ya gyara tsayuwa.

Washegari da hantsi ya ji sallama a ƙofar gidansa, murya ƙasa-ƙasa. Hoton ya zagaya wayoyin Magariya, kuma fuska ɗaya ce ake ganewa a cikinsa. Matarsa Hamdiyya ta yunƙura za ta fita ta ƙaryata labarin mutuwarsa, ya riƙe ta.

"Dakata tukuna. Ba kowa ke samun jin yabonsa da kunnensa ba."

Ya laɓe bayan ƙyauren zaure, ya kasa kunne. Mutum uku ne a kan tabarma. Suka shafa fatiha. Can wani dattijo ya yi gyaran murya.

"Allah ya gafarta masa. Wai ni, wace sana'a ma yake yi?"

"Haba Baba, mai cajin wayan nan na bakin tasha," in ji na biyun.

Na ukun ya fi kowa alhini. Ya matso kusa da ƙyauren, ya ɗaga murya yadda matar gida za ta ji.

"Allah ya ba ku haƙuri. Don Allah makullin shagon yana hannun wa? Wayata na ciki."