Tiya Takwas a Gaban 'Yan Aji Biyar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je koya wa malamin kemistiri lissafi. Ni ma'aunin hatsi ne a kasuwar Shinkafi, karatuna na boko bai wuce firamare ba. Lokacin an fara Shari'a, 'yan kwamiti na bin rumfuna suna duba tiya. Ta maƙwabtana da yawa aka samu an buga mata gindi don ta rage awo, tawa ta fita lafiya. Daga ranar kaina ya kumbura, na ɗauka duk abin da ake rabawa a duniya ni ne limaminsa.

Ɗiyata Hadiza tana aji biyar a sakandaren jeka-ka-dawo. Malaminsu, wani saurayi ɗan Zurmi, ya ba su tambayoyi su yi a gida, wadda ta fi maki ita za ta wakilci makarantar a gasar da za a yi a Kaura Namoda. Sati biyu yarinyar nan ba ta da zance sai Kaura (ko Zurmi ba ta taɓa zuwa ba).

Na dawo da la'asar na tarar da ita bisa tabarma tana rubutu. Na ce ta karanta mini. Wai akwai wani sinadari mai cin kansa yana fitar da tururin da ido ba ya gani, duk kwana biyar rabinsa ke tafiya. In giram tamanin ne, nawa zai rage bayan kwana goma? Ta rubuta ashirin.

Na ce, "Ke, mi kika rubuta haka? Rabi ya tahi, rabi ya tahi, mi ya saura?"

"Baba, rabin abin da ya rage ake cirewa."

"Ni za ki koya ma rabo? Goge ki sa sifili."

Ta goge. Ban ma lura da fuskarta ba.

Da maki ɗaya wata yarinya ta kayar da ita. Maimakon in yi shiru, sai na sa babbar riga na nufi makarantar, na iske malamin cikin aji, na ce an zalunci ɗiyata, kuma yanzu zamanin Shari'a ne (har da ɗaga yatsa).

Bai yi musu ba. Ya aika gidan mai gadi aka aro buhun gero da tiya, ya shimfiɗa tabarma gaban allo, ya ce, "Baba, kai ne gwani, auna mana tiya takwas." Na auna, har ina gyara tozon kowace tiya don yara su gani.

"To, kwana biyar sun wuce. Kwashe rabi."

Na kwashe huɗu.

"Wasu biyar sun wuce. Kwashe rabin abin da ke gabanka."

Hannuna ya kwashe biyu tun kafin kaina ya farga. Ga tiya biyu zaune bisa tabarma suna kallona.

Malamin ya ce, "Baba, ya ƙare?"

Wata daga baya ta ce, "Malam, a ba shi maki ɗaya!" Aji ya fashe. Hadiza kaɗai ba ta yi dariya ba, ta kifa kai bisa tebur.

Malamin ya raka ni bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Na ga shatin ashirin ƙarƙashin sifilin. Amma abin da ke rubuce nake dubawa, kuma an riga an tura suna." Ya ƙara da cewa ko shekara zan yi ina rabawa, sai dai abin ya yi ta ƙanƙancewa, da wuya in ga ƙarshensa.

Hadiza ba ta je Kaura ba. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba har yau da take da jikoki, ni ma sai bara na iya buɗe baki na nemi gafararta. Ta ce, "Haba Baba, ai ya wuce."

A wurinta ya wuce. Ni kuwa na lura kunyar irin sinadarin nan ce: duk 'yan shekaru rabinta ke tafiya, in na duba kuma sai in tarar da saura bisa tabarma. Shi ya sa har yau, in jika ya kawo mini littafi, albarka nake sa masa in miƙa masa abinsa.