Ranar Da Na Tofar Da Furar Kaka

Har in koma ga Allah ba zan manta da furar Tabla ba, kuma ko na so, dangin matata ba za su bari ba.

Ina aikin gona na gwamnati a Filinge aka tura ni horo Faransa. Wata rana aka kai mu wurin wani tsoho mai giyar inabi iri-iri, inabin da ko Faransawan ba su san sunansa ba. Ni ban sha ba (Allah shaida, lemu aka ba ni), amma na zuba ido. Sai masu ɗanɗanawa su juya kofi, su shinshina, su kurɓa, su wasa baki, su tofar a bokiti, sannan su lumshe ido su yi bayani. Wallahi abin ya burge ni. Na ce wannan ita ce wayewa.

Da na dawo na tafi Tabla gaida iyayen Hadiza, wadda nake nema. Kakarta ta ji an ce malamin gona ne, sai ta dama fura ƙwarya uku da tsofaffin irin geron da take ɓoyo: zango, maiwa, da wani jan gero da ban taɓa gani ba. Aka jera su gabana, baban Hadiza da ƙannensa suna zaune.

Kaka ta ce, "To maigidana, hwaɗa mini wadda tah hi."

Nan shaiɗan ya tuna mini da Faransa. Na ɗebi ludayi, na juya shi, na kai hanci na shinshina. Na kurɓa, na wasa baki ƙulu-ƙulu, na waiga ban ga bokiti ba, sai na tofar gefen tabarma. Har da lumshe ido! Na ce, "Wannan tana da ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko."

Da na buɗe ido, ba mai motsi. Baban Hadiza yana kallon bango. (Ni ɗan ƙasar nan, na manta cewa ba mai shinshina abincin mutane ya tofar sai wanda ke zargin sammu.)

Kaka ta karɓe ludayin, ta sha daga kowace ƙwarya, ta goge baki. "Ka gani ban mutu ba. In tsoro kaka ji, ɗiyarmu ma ba mu yi maka dole."

In yi bayani? In ce a gidan giya na koyo? Wannan ya fi sammun muni. Sai na rungumi ƙwarya na kafa kai. Na shanye ukun tas, ina gumi, ina nishi, ina cewa "Madalla." A babur na koma Filinge, kowane rami sai na yi salati.

An ba ni Hadiza, amma har yau in na je, Kaka sai ta kurɓi ruwa gaban kowa kafin ta miƙo mini. Ni kuwa yanzu ko me aka ba ni a gidan surukai, haɗiyewa nake yi tukuna, bayani ya biyo baya.