Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Injiniya Sadiyya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, Injiniya Sadiyya Muhammadu Lawal ta unguwar Kanti a Kazaure tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Gwaggo. Marigayiyar ta cika ne ranar wata Talata, makonni uku da suka wuce, da ƙarfe uku saura kwata na rana, a kan teburin shagon Monday mai walda, bayan ta sha doguwar jinya. An jinkirta sanarwar ne saboda wani dalili da zai zo nan gaba.

Babu wanda ya san takamaiman shekarunta. Wanda ya sayar da ita a Kano ya rantse cewa wata Baturiya ce ta yi amfani da ita, wata shida kacal. Amma ranar da Musaddiƙ mai gyaran kwamfuta ya fara buɗe cikinta, cewa ya yi ko kakar Baturiyar ma ta taɓa danna ta. Abin da aka tabbatar dai shi ne ta yi shekara bakwai a hannun Sadiyya, tun tana ɗalibar injiniyanci har ta fara cin gashin kanta.

Duk wanda ya zauna da Gwaggo zai shaide ta da natsuwa. Ba ta taɓa yin gaggawa ba a rayuwarta. In aka kunna ta, mutum zai iya ɗora ruwan shayi, ya yi alwala, ya dawo ya tarar tana miƙa. Baturinta ya riga ta gidan gaskiya da shekara huɗu, don haka ba ta rabuwa da caja, kamar mai jego da ruwan zafi. Haƙoranta biyu sun zube, wato harafin "e" da lamba bakwai, amma ba ta taɓa kai ƙara ba. Maganarta ba ta da yawa. In aiki ya yi mata daɗi sai ta ce "fuuu". In ya yi nauyi ta ce "ƙirr, ƙirr". In kuwa ranta ya ɓaci, sai ta yi "ɗin!" sau ɗaya ta ɗauke kai.

Sana'ar da ta rayu a kanta ita ce gwada gini tun kafin a gina shi. A cikinta akwai wata manhaja ta injiniyoyi. Za a zana mata gada ko rumfa ko hasumiya, sai ta yayyanka zanen gunduwa-gunduwa har dubbai kamar idon raga, ta lissafa nauyin da kowace gunduwa ke ɗauka, sannan ta shafa masa launi. Shuɗi da kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa a gudu. Sai dai kafin ta fara, dole a gaya mata halin abin da za a yi ginin da shi: nauyinsa, taurinsa, da iyakar wuyar da zai sha kafin ya lanƙwashe. Ita ba ta taɓa riƙe ƙarfe a hannunta ba. Lambar da aka rubuta mata ita ce ƙarfe a wurinta.

A nan ne babban halinta yake, wanda wasu ke cewa kirki ne, wasu kuma wauta. Gwaggo ba ta musu. Ko man shanu ka kawo ka ce mata rodi ne, za ta yarda da kai ta hau lissafi. A shekarar Sadiyya ta uku a makaranta, an ba su aikin ƙaramar gada. Wajen rubuta taurin ƙarfe, maimakon dubu ɗari biyu sai ta rubuta ɗari biyu, sifili uku suka tsere mata. Gwaggo ba ta ce uffan ba. A gaban malami da 'yan aji arba'in ta nuno gada ta yi laƙwas har ƙasa kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Har aka gama makaranta ana kiran Sadiyya Injiniyar Taliya. Daga ranar ba ta sake rubuta wa Gwaggo wata lamba ba sai ta duba ta sau uku.

Ciwon ajalin marigayiyar ya samo asali ne daga Unguwar Dinya, ƙauyen mahaifiyar Sadiyya da ke bayan Gwiwa. Ƙungiyar ci gaban garin ta haƙa rijiyar burtsatse, saura hasumiyar ƙarfe da za a ɗora tanki mai cin lita dubu goma. Wato tan goma na ruwa a sama, mita shida daga ƙasa, a gindinsa kuma mata da jarkokinsu da makiyaya da shanunsu. Shugaban ƙungiyar shi ne Kawu Sama'ilu, yayan mahaifiyarta, mutum mai son a yi abu a gama a tafa.

"Muna da injiniya a gida," in ji shi, "me za mu je nema a waje?"

Sadiyya ta zana hasumiya, ta rubuta wa Gwaggo halin ƙarfe kamar yadda littafi ya faɗa. Gwaggo ta ce "fuuu", ta shafa shuɗi daga sama har ƙasa. Kawu ya sa rana, ya sanar da dagaci, ya sa wani amininsa ɗan kasuwa ya turo ƙarafa shagon Monday a Kazaure.

Monday haifaffen Kazaure ne, mahaifinsa ya zo daga kudancin Kaduna, shekara ashirin yana walda. Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa ƙarfe ɗaya, ya kasa kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Injiniya, wannan ƙarfen ba ya amsa mini sallama," ya ce. "Kaurinsa bai kai wanda kika rubuta ba, kuma jikinsa laushi gare shi. Narkakkun tarkace ne aka yi wa fenti."

Ta sa ya yanko mata guntu, ta kai ɗakin gwaji, aka sa shi a injin da ke jan ƙarfe har sai ya sallama. Littafi ya ce irin wannan ƙarfen sai ma'aunin injin ya kai ɗari biyu da hamsin zai lanƙwashe. Wannan tun a ɗari da sittin ya ɗaga hannu. Ta dawo ta goge lambar littafi, ta rubuta wa Gwaggo lambar gaskiya da kaurin gaskiya. Minti arba'in marigayiyar ta yi tana "ƙirr, ƙirr", sannan ta nuno ƙafafun hasumiya huɗu jajir kamar an tsoma su a manja.

Da Kawu ya ga hoton, sai ya gyara hula.

"Ke 'yar nan, ba ke kike rubuta mata lambar ba? To mayar mata da ta farko mana. Na riga na gaya wa dagaci Juma'a ta sama."

"Kawu, in na yi mata ƙarya za ta yarda," in ji Sadiyya. "Ruwan ne ba zai yarda ba."

Kwana uku Kawu bai amsa gaisuwarta ba. Ya kira marigayiyar tsohuwar banza mai baƙin baki, kalaman da iyalai suka yafe masa amma ba su manta ba. Ya kai ƙara wurin ƙanwarsa Uwa, mahaifiyar Sadiyya, cewa boko ya sa yarinya ta raina manya. Uwa ta bari ya gama, tana tankaɗen garinta, sannan ta ce, "Yaya, ni ce zan riƙa tsayawa a gindin abin nan da jarkata, ba dagaci ba." Daga nan bai sake ɗaga maganar ba.

Amma ƙarfe ya riga ya zo, ɗan kasuwa kuma ya daina ɗaga waya. Hanya ɗaya ta rage: a sake zana hasumiyar daidai da halin ƙarfen da ke hannu. A ninka ƙafafu, a ƙara ƙarafan giciye, a rage tsawo da mita guda. Zane ne mai gaɓoɓi da yawa, kuma don a tabbatar da kowace mahaɗa sai an yayyanka shi ƙanana fiye da duk wanda Gwaggo ta taɓa ɗauka. Alhali tun watan azumi jikinta ba daɗi. Zazzaɓi ba ya sauka, fankarta na tari, wani lokaci ta suma ana tsakiyar aiki. Musaddiƙ ya duba ta ya ce, "Anti Sadiyya, ki bar ta da rubuta wasiƙa da kallon hotuna. In kika ƙara ɗora mata wannan manhajar, ba ruwana."

Sadiyya ta nemi aron wata kwamfutar a wurare uku, ba ta samu mai manhajar ba. Ruwa kuwa mutanen Unguwar Dinya har lokacin sai sun yi tafiyar awa guda suke samo shi, ga bazara ta kankama. Ranar Talata da hantsi ta naɗe Gwaggo a ɗankwali ta kai ta shagon Monday, inda akwai janareta. Aka ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Monday ya juyo mata da fankar shago. Sadiyya ta duba lambobi sau uku, ta yi bisimilla, ta danna.

Ana cikin haka sai ga Kawu Sama'ilu a kan babur, wai ya zo ganin ƙarya. Ya tsaya daga bakin ƙofa. Da ya ji yadda marigayiyar ke nishi, ya matso ya taɓa gefenta, ya janye hannu da sauri. Sai ya ciro mafici daga aljihun babbar rigarsa ya ja kujera. Iyalai suna so a rubuta a tarihi cewa mutumin da ya kira ta tsohuwar banza shi ne ya yi mata fifita awa biyu cur, ban da lokacin sallar azahar.

Kalamanta na ƙarshe su ne "ƙirr, ƙirr, fuuu, ƙirr". Da ƙarfe biyu da minti arba'in hoto ya fito: shuɗi da kore, sai ɗan rawaya a mahaɗa biyu, babu ja ko ɗigo. Sadiyya ta ɗauki hoton da wayarta, ta kwashe aikin a filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanai. Sai aka ji "ƙit". Fuskar Gwaggo ta yi baƙi, wani ƙauri kamar na ƙanzo ya tashi. Kawu ya ci gaba da fifita har minti biyar, don an rasa mai ƙarfin halin gaya masa. Da aka kai ta wurin Musaddiƙ, ya kwance ta, ya shinshina, ya girgiza kai. "Sai haƙuri, Anti. Bod ɗin, zuciyarta ke nan, ya ƙone." Sadiyya, wadda ba ta yi kuka ba ranar da aka sa mata suna Injiniyar Taliya, ta zauna a bencin shagon ta yi mai isarta.

Ga dalilin jinkirta sanarwa. Sadiyya ta ce ba za ta karɓi gaisuwar kowa ba sai ta ga ko marigayiyar ta faɗi gaskiya. Monday ya haɗa hasumiya yadda aka zana, aka kafa ta, aka ɗora tanki. Shekaranjiya aka kunna famfo. Sadiyya ta kori kowa nesa, ta shiga gindin hasumiyar ita kaɗai ta tsaya, tana jin ruwa na hawa bisa kanta. Tanki bai kai rabi ba sai ga Uwa ta ratso mutane da jarkarta ta tsaya kusa da ita. Har ya cika ya tumbatsa, ƙarfe bai ce ƙas ba. A jawabin da ya yi wa dagaci, Kawu Sama'ilu ya bayyana cewa shi ne ya fara zargin ƙarfen nan tun ranar da aka sauke shi. Monday yana wurin, ya kalli sama.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja guda mai ɗaurin salatif a wuri uku, da linzamin kwamfuta wanda ya makance a ido ɗaya, da filas biyu, da jaka mai mataccen zif. Ta kuma bar hasumiya ɗaya a Unguwar Dinya, da rumfunan kasuwa biyu a Roni, da gadar taliya wadda ba a taɓa ginawa ba, alhamdu lillahi.

Dangane da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce babu wanka babu salla. Don haka gawar tana shagon Musaddiƙ, inda za a cire sassan da ke da sauran amfani a ba mabuƙata. Fuskarta za ta koma jikin kwamfutar wata malamar firamare a Babura. Ragowar za a ajiye a saman kabad ɗin Sadiyya, kuma ana gargaɗin 'yan jari-bola da kada su kuskura su yi sallama a gidan.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a Unguwar Dinya, kusa da famfo. Kowa ya zo da tabarmarsa. Masu kuka su yi a hankali saboda shanu. Waɗanda kuma suka shirya cewa "ai sai ki sayi sabuwa", ana roƙonsu da girman Allah su zo da ita a hannu.