Yadda Za Ka Ɓoye Ɗanka Daga Kakarsa Kwana Huɗu A Cikin Jirgin Ruwa

Ya kai mai karatu, idan ka bi waɗannan matakai bakwai ɗaya bayan ɗaya, ina ba ka cikakken tabbacin cewa surukarka za ta sauka daga jirgin ruwa ba tare da ta ɗauki jikanta ko sau ɗaya ba. Ni, Pyo Seung-heon, mai takardar difloma a fannin kula da baƙi da shirya tafiye-tafiye, na gwada tsarin da kaina a kan hanyar Busan zuwa Fukuoka da Nagasaki na ƙasar Japan, a tafiyar da muka shirya domin cikar surukata shekara saba'in.

Wajibi ne ka san dalili. Tun ranar da matata Eun-sol ta koma aiki, ɗanmu Da-on yake goye a bayan mahaifiyarta, Uwargida Bang Sun-rye. Shekara biyu ke nan. A watan jiya likita ya duba hoton ƙashin bayanta, ya ce idan ba ta daina ɗaukar nauyi ba, tiyata ce ta rage. Ta ce wannan likita ai ƙaramin yaro ne, bai taɓa rainon ko mage ba. Ba ta yarda za ta huta ba sai da na nuna mata takardar jirgin mai hoton ɗakin rainon yara, na kuma yi mata alkawari a gaban 'ya'yanta cewa can Da-on zai riƙa wuni.

Mataki na 1: Ka tabbatar da komai, ban da abu guda

Tanadi fayil. Nawa shafi arba'in da bakwai ne, kowane sashe da launinsa: magunguna, lokutan cin abinci, taswirar benaye goma sha huɗu, da lambar asibiti mafi kusa a kowace tashar ruwa. A shafi na tara za ka ga dokar ɗakin raino, wadda ta ce sai ɗan shekara uku zuwa sama. Ja mata layi da koren alƙalami, ka wuce hankalinka kwance, domin kowa a gidanku ya san yaron shekararsa huɗu. A watan Disamba aka haife shi, ya zo duniya da shekara ɗaya kamar kowa a lissafin ƙasarmu, ya cika biyu ranar sabuwar shekara yana da kwana goma sha uku, domin a ranar ake ƙara wa kowa ɗaya. Gaskiya ne gwamnati ta soke wannan lissafi a takarda, amma ba ta soke shi a bakin kakanni ba, kai kuma a bakin kaka kake jin shekarun ɗanka kullum.

Ranar farko, kai shi ɗakin raino a bene na goma sha biyu. Ma'aikaciyar za ta buɗe fasfonsa, ta dube ka cikin ladabi, ta ce shekararsa biyu da wata huɗu. Za ta ƙara da cewa ko da ya kai uku, ba sa karɓar mai famfas. Kada ka ambaci diflomarka a nan. Na ambaci tawa, ta taya ni murna.

Mataki na 2: Ka binciki sauran hanyoyin raino, domin ka san ba su da amfani

Mutum mai tsari ba ya yanke ƙauna sai ya gama jerin sunaye. Akwai mai raino da ke zuwa ɗaki, amma tun jirgi bai tashi ba iyayen da suka iya lissafi suka cike gurbinta. Akwai awa guda ta wasan ƙanana, wadda dole uba ko uwa su zauna tare da yaro, a ɗaki mai bangon gilashi da ke kallon hanyar wankan tururi, inda surukarka ke wucewa sau biyu a rana. Akwai wurin ninƙaya na yara, shi ma ba ya son famfas.

Saura matarka. Na sami tawa a kan matakala na karanta mata halin da ake ciki sashe-sashe. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tunatar da ni cewa idan mahaifiyarta ta ji, kafin in rufe fayil ta ɗaure yaron a baya, kuma ba za ta sauke shi ba sai a Busan. Don haka ita za ta tsare tsohuwa, ni in ɓace da yaro.

"Baban Da-on," in ji ta, "kai da ka haddace inda kowace rigar ceto take, ba ka san shekarun ɗanka ba?"

Na ce na sani, iri biyu ma.

Ga wata hikima da na tsinta: aure yana ƙarfi ne a ranar da mata da miji suka haɗu a kan ƙarya guda.

Mataki na 3: Ka yi sallama kamar mai gaskiya

Ƙarfe tara na safe, bayan karin kumallo, rataya jakar yaro. Ka sa shi ya rusuna wa kakarsa. Za ta gyara masa hula, ta cusa masa busasshen ganyen teku a aljihu, ta gargaɗe ka kada a bar shi kusa da na'urar sanyaya ɗaki. Amsa da girmamawa. Shiga lif, ka danna goma sha biyu a kan idonta. Da ka isa, bi matakalar baya ka gangara bene na huɗu da ƙafa, ɗauke da kilo goma sha uku mai harbin iska. A bene na bakwai za ka fara fahimtar abin da likita ya gani a hoton nan.

Mataki na 4: Ka san maɓoyarka

Jirgi mai ɗaukar mutum dubu uku ƙarami ne ƙwarai idan mutum ɗaya kake gudu. Ɗakin karatu ba kowa, amma a can ne muryar yaro ta fi tafiya. Inuwar kwale-kwalen ceto tana da kyau, sai dai nan tsofaffi ke zagayen motsa jiki, kuma tun ranar farko surukata ta yi ƙawaye shida, dukkansu sun ga hoton Da-on a wayarta.

Ina ba ka shawarar ɗakin wanki da ke bene na huɗu. Babu wanda ke biyan kuɗin hutu domin ya yi wanki. Injinan suna da taga mai zagaye, kuma yaro zai iya kallon tufafi suna juyawa minti arba'in bai motsa ba. Na wanke rigunana masu tsabta sau tara.

Ranar da jirgi ya tsaya a tasha, matarka za ta fita da mahaifiyarta yawon gari. Kai ka ce za ka zauna kusa, ko da ɗakin raino zai neme ka. Idan abokan aiki suka tambaye ka yadda Fukuoka take, ka ce musu akwai manyan injinan ɗaga kaya masu launin ja. Su na gani ta taga.

Mataki na 5: Ka samar da shaida

Kakar da ta san aikinta ba za ta karɓi yaro da yamma babu littafin rahoto ba. Kowane gidan raino a unguwarmu yana rubuta abin da yaro ya ci, awa nawa ya yi barci, sau nawa ya yi bayan gida da kuma kamanninsa. Yammacin farko ta miƙo hannu tana jira. Na ce malamar ta manta. Ta ce wace irin malama ce wannan, gobe za ta hau da kanta ta gan ta.

Saboda haka ƙirƙiro malama. Tawa sunanta Malama Grace. Sauya rubutunka, ka karkatar da shi hagu. Kada ka ƙirƙiri abin da ke cikin rahoton, domin kaka tana gane ƙaryar abinci daga tumbin yaro; rubuta gaskiyar abin da ya faru, ka ba wata sunan. Wannan yana nufin dole ka lura da kowace loma. Haɗa da zane ɗaya a kullum a matsayin na yaron, wanda za ka yi da hannun hagu. Surukata ta daɗe tana duban jirgin da na zana, ta ce yaron ya ɗan koma baya, amma laifin teku ne.

Mataki na 6: Ka koyi sa shi barci

Wannan ba ya cikin fayil. Da-on bai taɓa barcin rana ba sai a bayan kakarsa. Ranar farko ya yi kuka awa ɗaya da kwata yana kiran Kaka, ni kuma ina tsaye tsakanin injina biyu ina karanta masa dokokin jirgi da murya mai taushi. Har na ɗauki waya zan kira Eun-sol in ce a kawo tsohuwar. Sai na tuna yadda take dafa bango da safe kafin ta iya miƙewa, tana zaton ba mai ganinta. Na mayar da wayar aljihu.

Ɗauki babban tawul na jirgi. Duƙa, ɗora yaro a bayanka, ja tawul ta ƙarƙashin hammata, ɗaure a ƙirji. Zai zame. Sake. Yi tafiya daga ƙofa zuwa taga kana ɗan rausaya, kana bubbuga ƙasansa da tafin hannu kamar yadda ka ga ana yi shekara biyu ba ka taɓa tambaya ba. Rana ta biyu, minti arba'in. Rana ta uku, minti goma, kuma sunan da ya kira kafin ya yi shiru ba na kakarsa ba ne. Ban rubuta wannan a rahoto ba.

Mataki na 7: Ka shirya wa godiya

Duk wanda ya yi ƙarya yana shirya wa zargi. Ba wanda ke shirya wa godiya.

A kwana ukun nan surukata ta yi wankan tururi, ta yi rawa, ta zo ta biyu a gasar waƙa, ta daina dafa bango. Safiyar ƙarshe ta fito da kwalin kek da ta saya a Nagasaki, an naɗe shi da kyau, ta ce ba za ta sauka ba sai ta ga Malama Grace ido da ido. Eun-sol ta ce malamar tana hutu. Na ce tana mura. Mun faɗa a lokaci guda. Tsohuwa ta shiga lif ta danna goma sha biyu.

Ma'aikaciyar nan ce dai a bakin ƙofa. Ta ce ba su da mai wannan suna. Sannan ta gane ni, ta yi murmushi, ta tambayi lafiyar ɗan shekara biyu da wata huɗu.

Surukata ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo a hankali, ta kira ni yadda take kirana tun ranar aure, wato suruki Pyo.

"Pyo-seobang. Ina yaron nan yake wuni?"

"Ɗakin wanki, Mama."

"Wa ya rubuta cewa ya ci karas?"

"Ni ne."

"Ya ci?"

"Rabi."

"A hannuna bai taɓa ci ba," in ji ta, kamar mai karanta laifi a kotu.

Da-on ya gaji da tsayuwa, ya soma ƙananan koke-koke. Ta ajiye kwalin, ta duƙa, ta buɗe hannu biyu. Na san idan ta ɗaga shi, kwana huɗun nan sun tafi a banza, kuma na san ba ni da bakin hana ta. Yaron ya dube ta. Sai ya zagaya bayana, ya kama wandona yana ƙoƙarin hawa.

Ta daɗe a duƙe kafin ta miƙe. Ban taɓa cin nasarar da ta sa na ji kamar ɓarawo irin wannan ba. Na zaro tawul daga jaka, na goya shi a gaban ma'aikaciya da iyaye biyar. Ta zagaya tana duba aikin. Ta ce ɗaurin ya yi ƙasa, haka ake kashe baya. Ta kama bakin tawul ɗin, ta ja shi sama da ƙarfin da ya tsayar mini da numfashi, ta soke shi a ƙirjina. Sannan ta ɗauki kwalin kek ta ɗora mini a hannu.

"Ka kai wa malamar," ta ce. "Ka ce mata ranar Litinin ƙarfe bakwai ta zo in koya mata sauran."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba zai ɗauki alhakin ciwon baya ba, ko koɗewar riguna, ko tafiya Japan ba tare da ganin Japan ba. Ba shi da hannu idan ɗanka ya daina yarda da kowa sai kai, ko idan surukarka ta yi rajistar ajin rawa na kwana uku a mako ta bar maka jadawalin a jikin firij. Alkawarin da aka yi maka guda ɗaya ne, cewa ba za ta ɗauke shi ba, kuma har yau ba ta ɗauke shi ba. Duk mai ƙorafi ya rubuto wa Malama Grace. Tana amsa wasiƙu tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, a tsaye, idan yaron ya yi barci.