Zakaru Biyu a Shekara Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi kare gaskiya a kan rigunan sanyi ba. A lokacin na yi imani cewa wayewar ɗan Adam kaf a kan ƙa'ida ɗaya take tsaye: gasa ɗaya, shekara ɗaya, zakara ɗaya.

Ina aji uku a jami'a a Guangzhou, ina taɓa yi wa 'yan kasuwa tafinta. Wata Juma'a, da aka sauko daga Masallacin Huaisheng, Alhaji Sahabi, wani ɗan kasuwar Maraɗi, ya ja ni gefe ya nuna min riguna biyu cikin kayan da ya saro a kasuwar Shisanhang, irin na 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka. Ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa. Kowacce an rubuta mata zakarun ƙasa, shekarar ɗaya ce, amma jami'a daban. Ya ce in duba masa tunda ni ne mai karatu, gobe za a yi lodi, ba ya so a yi masa dariya a gida.

Na gyara tabarau na yanke hukunci: ɗaya jabu ce. (Iyakar sanina da wasan shi ne sunansa ƙwallon ƙafa, kuma da hannu ake yin sa.)

Muka nufi shagon. Matar da ke da shagon shekara bakwai Alhaji yana sari a wurinta, ko musu bai taɓa haɗa su ba. Na zage na yi mata huɗuba da Sinanci a kan amana, har maƙwabtan shago suka taru. Ta bari na gama tsaf, ta kurɓi shayinta, sannan ta miƙo min waya.

Na karanta. Ashe a zamanin shekarar da ke jikin rigunan ba a buga wasan ƙarshe. 'Yan jarida su jefa ƙuri'a su naɗa nasu gwani, masu horar da 'yan wasa su naɗa nasu, wasu masu lissafi kuma su fito da nasu jerin. Kowace jami'a ta rataya tutarta ta yi shagali. Na zaro tawa wayar neman ceto. Shafi uku na buɗe, amsa uku na samu. Ina cikin haɗa gumi ta sunkuya ta zaro riga ta uku, koriya. Ita ma shekarar nan ce.

"Malam, me ta ce?" in ji Alhaji.

Na ce masa akwai saɓanin malamai.

"To kai wace mazhaba ka bi ka kawo mu nan?"

Matar ta nuna kaina da yatsa ta ce "meyo", kalmar da kowa a kasuwar ya san ma'anarta: babu. Wannan karon ba wanda ya nemi tafinta.

Tun ranar, ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na ce ya danganta da agogon wa. Shi kuwa Alhaji ya ba ta haƙuri da hannu, ya haɗa har da koriyar. Ya ce a Maraɗi ba mai karanta riga, launi ake saya.