Barmo da Wayar Shanun Faransa

Wani mutum ne a garinmu, can ƙasar Madawa, ana ce masa Barmo Gagara-Wuƙa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma shi ya fi kowa kiransa. Ɗan tauri ne, in ji shi. In kuka haɗu a teburin mai shayi zai ba ka labarin ranar da aka sare shi da adda ta lanƙwashe, da ranar da ɓarayi bakwai suka tare shi suka koma gida da ƙotocin wuƙaƙe kawai. Duk a wasu garuruwa aka yi, masu nisan gaske. Mu dai a garinmu ko allura ba mu taɓa ganin ya bari an matso kusa da shi da ita ba.

To garinmu na da ƙawance da wani ƙauye a Faransa, su ne suka taimaka mana da rijiyoyin lambu. Wata shekara suka gayyaci mutum uku. Akwai maigari Alhaji Cindo, akwai ni da nake malamin makaranta don in yi tafinta, saura gurbi ɗaya. A daidai lokacin sarkin 'yan sintirinmu ya rasu, maigari ya ce in ya dawo daga tafiya zai naɗa sabo, kuma sarautar da babur sabo fil take zuwa. Barmo ya ƙwallafa rai. Safe da yamma yana ƙofar gidan maigari.

"Ranka ya daɗe, ƙasar Nasara ce fa. In aka taso maka, wa zai tare? Malam da alli?"

Haka ya yi ta yi har maigari ya gaji ya ce a sa sunansa. Ya ce in Barmo ya nuna kansa a can, sarauta tasa ce.

Ƙauyen da muka sauka gidajen dutse ne zalla, shanunsa sun fi mutanensa yawa. Mai masaukinmu wata tsohuwa ce, Madam Odil, kanta fari fat amma in ta sa ƙafa sai ka yi sassarfa za ka cim mata. Rana ta biyu ta ce yau yawon ganin kayan tarihi za mu yi. Ta ba kowannenmu aron dogon takalmin roba, don an kwana ana yayyafi, ciyawa duk ta jiƙe.

Muka fara da wata tsohuwar fada a kan tudu, rabinta ya rushe, wai ta fi shekara ɗari takwas. Matakalarta murɗaɗɗiya ce, ƙunci kamar bakin tulu. Kafin mu kai sama Barmo haki yake har layunsa na rawa a ƙirji, amma ya ce wai iskar wurin ce ba ta da nauyi. Da muka sauko aka shiga da mu ɗakin kayan yaƙi. Ga sulke, ga masu, ga garkuwa, ga kuma wasu takubba a kan tebur da aka ajiye don baƙi su riƙe su ɗauki hoto.

Sai na ga Barmo ya ja baya. Na bi shi da wutsiyar ido. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sa babban yatsa ya shafa bakin takobi ɗaya a hankali. Ya sake shafawa da ƙarfi. Wallahi takobin nan ko tuwo mai sanyi ba zai yanka ba. Nan take fuskarsa ta washe.

"Malam, gaya musu su matso. Yau za su ga abin da kakanninsu ba su gani ba."

Ya tuɓe riga, ya ɗaga takobi sama, ya kwarma ihu har kurciyoyin rufin suka watse.

"Sai ni Barmo! Wuƙa ta gan ni ta koma ludayi! Ƙarfe, gaida ubangidanka!"

Ya goga a hannu, ƙiiii. Ya goga a ciki. Ya goga a wuya yana zare ido. Turawan da suka zo yawon buɗe ido suka kewaye shi, tafi raf raf raf, hoto ƙyas ƙyas. Wata mata har da rufe fuska. Maigari ya riƙe baki.

"Ashe dai da gaske ne! Malam, ka gani?"

Na gani mana, har abin da bai gani ba na gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ni tafinta ne, abin da aka faɗa nake juyawa, ba a ɗauko ni don tonon asiri ba. Na haɗiye.

Daga nan kan Barmo ya kumbura. Muka je wata gadar dutse da aka ce ta kusa shekara dubu biyu, ya buga ta da ƙafa ya ce ba laifi. Muka je tsohon injin niƙa da ruwan rafi ke juyawa, ya ce in ya so da hannu ɗaya zai tsayar da shi, tausayin masu garin kawai yake ji. Ko burodin da muka ci a bakin rafin, mai taurin tsiya, cewa ya yi a ba shi mafi tauri.

Abu na ƙarshe wasu dogayen duwatsu ne da mutanen farko suka kakkafa a tsaye, ba wanda ya san dalili. Muna hango su can ƙetaren wata makiyaya, shanu na kiwo a ciki. Abin da ya raba mu da makiyayar wata 'yar siririyar waya ce guda ɗaya tal, an ja ta a kan 'yan sanduna, tsayinta bai wuce ƙugu ba. Madam Odil ta ce sai mun zagaya ta ƙofa, tafiyar rabin awa. Maigari ya dafa gwiwa ya yi nishi.

"Rabin awa? Saboda wannan zaren?" in ji Barmo. "Ranka ya daɗe, ba za ka zagaya ba ina raye. Yanzu zan tsinke ta."

Mai shanun, wani dattijo mai jan hanci da ake kira Gaston, yana jingine da tarakta yana kallonmu. Da na gaya masa abin da Barmo ke shirin yi, ya ɗaga hannu biyu ya yi magana da sauri.

Na ce, "Barmo, ya ce kar ka taɓa. Akwai wutar lantarki a jikinta."

Barmo ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Lantarki? A daji? Ina falwaya? Ina turakun wuta? Malam, mu da muke mutane sai mu yi kwana uku ba mu ga wuta ba, shi ne za a ja wa saniya? Karatu take yi da dare?"

"Ni dai na gaya maka."

"Hassada ce. Tun a fadar can na ga fuskarka."

Amma fa Barmo ba wawa ba ne, bai taɓa yin wasa da abin da bai gwada ba. Ya matsa kamar mai duba sanda, ya ɗan ɗalli wayar da farce, caraf ya janye. Shiru. Abin da bai sani ba, wutar irin wannan waya ba tsaye take ba, bugawa take tana saki, bugawa tana saki, ga shi kuma yana cikin takalmin roba har gwiwa. Bai ji komai ba. Sai ya juyo yana murmushi irin na ɗazu.

"Ku ja baya. Da hannu ma raini ne, da haƙori zan datse ta."

Ya sake tuɓe riga. Ya dubi ƙafarsa ya ce ɗan tauri ba ya wasa da takalmin aro, ya fizge su ya yar. Ya tsaya ƙafa tsirara cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Gaston ya fara tahowa yana ɗaga hannu, Madam Odil na kiran a'a, a'a, shi kuwa ya ɗauka kirari suke masa.

"Sai ni Barmo! Ƙarfe, gaida uban..."

Ya cafke wayar da hannu biyu, ya kai baki.

Tas!

Jama'a, ban taɓa sanin mutum na iya tashi sama da baya ba sai ranar. Layu suka yi gabas, hula ta yi yamma. Ya faɗo tim, zaune daɓas cikin kashin shanu sabo mai ɗumi. Ihun da ya yi kuwa ba na kirari ba ne.

"Wayyo Inna! Sun harbe ni! Ranka ya daɗe, gudu, sun harbe ni!"

Ya yunƙura zai gudu, santsi ya kwashe shi, ya miƙa hannu neman abin dafawa. Me ke kusa? Wayar.

Tas!

Wannan karon ko ihun bai fito ba, sai wani ɗan kuka siriri irin na ɗan akuya. Ya rarrafa ya ƙanƙame ƙafar Madam Odil, tsohuwar da ta isa ta yi jika da shi, yana karkarwa, leɓe ya kumbura, yana faɗin a kai shi gida. Shanun nan kaf suka bar kiwo suka jeru a bakin wayar, taku ɗaya tsakaninsu da ita, suna tuƙa suna kallonsa. Ni kam ina ƙasa don dariya, cikina har ciwo yake.

Gaston ya iso ya duba shi, ya ga ba abin da ya same shi sai tsoro da kumburin leɓe. Ya share hawayen dariya ya yi wata magana yana nuna wani ɗan maraƙi mai roɗi-roɗi.

Maigari ya ce, "Me ya ce, Malam?"

Barmo ya ɗago ido yana roƙona da su. Amma ai an tambaye ni.

"Ranka ya daɗe, cewa ya yi shekararsa talatin yana kiwo. Wancan ɗan maraƙin watansa biyu a duniya, sau ɗaya ya taɓa ta da hanci bai ƙara ba. Shi kuwa Gaston bai taɓa ganin wanda aka gaya wa, ya cire takalmi, ya sa baki, ya kuma koma ba."

Maigari ya daɗe yana duban Barmo, sannan ya juya ya dubi maraƙin. Ya gyara zaman hularsa.

"Malam, tambaye shi ko zai bar mana maraƙin nan mu tafi da shi. Shi za mu naɗa."